Kafin Ka Sayi Wurin Wankin Mota, Bi Sawun Ruwa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka baro harkokinku kuka zo.

An ce in yi magana a kan mutumin da aka yi wa tallan wurin wankin mota, wanda tuni yana aiki, da injinansa da ma'aikatansa da masu kawo motoci, sai ya rasa ta inda zai gane ko ya saya ko ya haƙura. Na daɗe a cikin wannan sana'a. Na sayi wuri, na kuma taɓa janye jikina ana gab da sa hannu. Don haka abin da zan faɗa muku abu ne da ya taɓa aljihuna, ya kuma hana ni barci.

Sana'ar ba ta yau ba ce. Tun a 1914 aka buɗe wurin wankin mota a birnin Ditiroyit na Amurka, inda ma'aikata ke tura motar da hannu daga wajen mai sabulu zuwa wajen mai ɗauraya zuwa wajen mai gogewa. Yau akwai inda ake wankewa da hannu da injin feshi, akwai inda mai mota ke biya ya wanke da kansa, akwai inda mota ke tsayawa inji ya zagaye ta, akwai kuma doguwar rumfa da bel ke jan mota ta shiga da datti ta fito fes. Duk wanda aka yi maka tallansa a cikinsu, aikin ɗaya ne: ruwa mai tsabta ya shigo, ruwa mai datti ya fita, kuɗi ya rage a tsakani. Shi ya sa nake cewa ka bi sawun ruwan tun daga inda ya shigo har inda ya fita.

Me ya sa ruwa? Saboda a wannan harka yawancin kuɗi hannu da hannu ake karɓa. Littafin ciniki mutum ne ke rubuta shi, kuma mai son sayar da wurinsa yana da dalilin ƙawata shi. Ban ce kowa maƙaryaci ba ne. Wani ma da zuciya ɗaya yake faɗa maka adadin motocin ranar da kasuwa ta fi ci, ya manta da ranakun da aka wuni ana hamma. Amma mitar ruwa ba ta san ana shirin sayar da wuri ba.

Ga yadda ake yi. Mu ƙaddara mai wuri ya ce yana wanke mota 80 a rana. A kwana 30, mota 2,400 ke nan. Sai ka je da kanka, ka karanta mita, ka tsaya a wanke mota 10 a gabanka, ka sake karantawa. A ce lita 800 ta tafi, wato kowace mota ta sha lita 80. To, idan maganarsa gaskiya ce, ya kamata wurin ya sha kusan lita 192,000 a wata. Yanzu ka ce ya kawo takardun kuɗin ruwa. Idan ka ga lita 90,000 ake sha a wata, raba ta da 80, za ka sami mota 1,125, wato 37 ko 38 a rana. Ko rabin abin da ya faɗa ba su kai ba. Waɗannan lambobi misali ne na kawo, kowane wuri da nasa, amma hanyar lissafin ita ce wannan.

Kuma abin yana iya juyawa. Idan ruwan da aka sha ya ninka abin da littafi ya nuna, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai bututu ya fashe a ƙarƙashin siminti yana ta zuba dare da rana, ko kuma ana wanke motoci ana soke kuɗin a aljihu ba a rubutawa. Dukkansu kai za ka gada. Idan wurin rijiyar burtsatse yake amfani da ita babu mita, auna tanki, ka ƙidaya sau nawa ake cika shi a rana, ka duba kuɗin wuta ko man da injin ɗago ruwa yake ci. Idan suna tace ruwan da aka yi amfani da shi su sake wanki da shi, lissafin zai sauya, sai ka haɗa da sabulu. Rasit ɗin sayen sabulu da man goge mota shi ma shaida ne, domin babu mai sayen jarkar sabulu ya zubar don ya burge mai saye. Kar ka karɓi takardun wata uku. Nemi na shekara biyu ko uku, domin wannan sana'a da yanayi take tafiya. Ranar da aka tashi da hadari babu mai kawo mota. A ƙasashe masu ƙanƙara kuwa lokacin sanyi ake cika, saboda gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfen mota. Wanda ya nuna maka watannin cika kaɗai, rabin labari ya ba ka.

Akwai kuma irin ruwan kansa. Wani ruwan yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da magniziyam da yawa. Irin wannan ba ya barin sabulu ya yi kumfa sosai, yana barin ɗigo-ɗigon fari a jikin mota idan ta bushe, musamman baƙar mota, yana kuma tara farar ƙasa a cikin bututu da kan feshi har su toshe. Ɗebi ruwan a kwalba ka kai a gwada. Kuɗin gwajin bai taka kara ya karya ba, amma na'urar tace irin wannan ruwa tana da tsada, kuma gara ka sani kafin a yi ciniki.

Yanzu mu zo inda ruwan yake fita, wanda shi ne kusan kowa ke mantawa, kuma shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ruwan da ya sauko daga jikin mota yana ɗauke da yashi da laka da baƙin mai da giris da sabulu. Wurin da aka gina da kyau yana da rami mai ɗakuna a ƙasa. Yashi mai nauyi ne, sai ya kwanta a ɗakin farko. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso sama a tare shi. Abin da ya rage shi ke wucewa magudanar da hukuma ta amince.

Wurin da na ce muku na janye jikina, komai nasa ya yi mini. Fenti sabo, ma'aikata da riguna iri ɗaya, motoci a layi. Ana saura kwana kaɗan mu sa hannu na koma da yamma bayan an tashi, na roƙi mai gadi ya taya ni ɗaga murfin ramin. Da ƙyar muka ɗaga, ya yi tsatsa ya manne, alamar an daɗe ba a buɗe ba. Wari ya bugo mu. Na zura sanda, ta nutse cikin baƙar laka mai kauri har kusan bakin ramin. Da na haska fitila sai na ga an fasa gefe an zura wani bututu, ruwan dattin yana kauce wa ramin gaba ɗaya yana zuba a kwatar ruwan sama. Wannan ruwan a ƙarshe rafi zai shiga, ko ƙasar da maƙwabta ke haƙa rijiya. Da na saya, ranar da hukuma ta zo ni za ta tarar, ni zan biya tara, ni zan fasa siminti in sake gini, kuma haƙƙin mutanen da aka gurɓata wa ruwa yana wuyana. Don Allah, ku ɗaga murfin nan. Ku nemi takardar izinin zubar da ruwa, ku tambayi wa ke kwashe lakar, yaushe ya zo na ƙarshe, ina rasit. Idan kuma filin ya taɓa zama gidan mai, kar ka sa hannu sai masana sun duba ƙasa, domin tsohon tankin mai da aka binne yana iya yoyo shekara da shekaru ba a sani ba, kuma a ƙasashe da yawa wanda ya mallaki fili ake kamawa da tsaftace shi.

Batun injina ba zan daɗe a kai ba, domin makanike ya fi ni. Kai dai ka zo da naka, ba wanda mai wuri ya kira ba. Ku zo da sassafe a tayar da injin a gabanku yana sanyi. Ku duba man famfon feshi: idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, robobin ciki sun mutu. Riƙe mesar ka ji, idan ƙarfin ruwan yana zuwa yana yankewa, akwai matsala. Sannan ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa da sauƙi. Inji mai kyau da za a jira kayansa wata guda ya fi tsoho mai kaya a kusa cutarwa.

Sai fili. Idan haya ne, karanta yarjejeniyar da kanka, sannan ka ba lauya. Shekara nawa suka rage? Mai fili ya yarda a mayar da hayar da sunanka? Zai iya ƙara kuɗi duk lokacin da ya ga dama? Wannan sana'a ba a ɗaukarta a ka a koma gaba. Ramin, da simintin, da bututun, da sabon da mutane suka yi da wurin, duk a ƙasar wani suke. Idan lissafinka ya nuna uwar kuɗinka za ta dawo a shekara 4, hayar kuma saura shekara 3, to mai fili kake yi wa aiki. Je ka gan shi ido da ido kafin ka biya ko sisi.

Ka kuma sami wuri a tsallaken titi ka zauna, ba tare da kowa ya san me ya kawo ka ba. Kwana bakwai, har da ranakun hutu. Ƙidaya motocin da suka shiga. Ƙidaya waɗanda suka rage gudu, suka ga layi ya fito har titi, suka wuce. Duba ko shiga wurin na da sauƙi, ko sai direba ya je can gaba ya yi kwana. Gani ya kori ji. Ka leƙa ofishin tsara gari ka tambaya ko akwai shirin faɗaɗa titin ko raba shi da shinge, domin wani lokaci abin da ya sa mai wuri ke gaggawar sayarwa ke nan.

Wani abu da ba ya fitowa a takarda shi ne, motocin nan wa suke bi? Sau da yawa ba allon suna suke bi ba, wani ma'aikaci suke bi, wanda ya san ba ya karce fenti, ba ya taɓa canjin da aka bari a mota. Idan ya tafi, da su zai tafi. Haka kamfanonin da ke kawo motocinsu da yawa: yarjejeniya ce a rubuce, ko abota ce da mai wurin? Idan abota ce, ba ta cikin abin da ka saya. Zauna da ma'aikata, ka ji ko suna bin bashin albashi. Tambayi mutum nawa suka biya kuɗin wata ko na shekara tun gaba, domin shi ya karɓi kuɗin, kai za ka yi wankin. A cire wannan daga farashi. Kuma a rubuta cewa ba zai buɗe wani wurin kusa da kai ba har wasu shekaru.

A kan farashi, kada ka ɗauki ribar da ya faɗa haka nan. Idan shi da iyalinsa ke tsayawa a wurin ba sa ɗaukar albashi, cire albashin wanda zai yi wannan aikin. Cire abin da za ka riƙa ajiyewa don sauya injina. Cire haraji. Abin da ya saura shi ne riba, da shi za ka raba kuɗin da ake nema ka ga shekara nawa za ka jira. Ni dai na fi son in sayi kaya da haya da suna, in bar masa kamfaninsa da basukansa da tsohon harajinsa.

Na ga hannu a baya. Bismillah, malam.

Tambaya: Malam, idan mai wurin ya ƙi nuna takardun ruwa da na banki, ya ce sirrin kasuwancinsa ne fa?

Yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin ba kowa ne mai saye ba, wani leƙen asiri ya zo. Sai ka sa hannu a takardar cewa ba za ka fitar da abin da ka gani ba, ka kuma nuna masa shaidar kana da kuɗin. Idan bayan haka ya ƙi, cinikin biri a sama yake so ku yi, ka yi masa sallama. Idan kuma takardun ne babu su da gaske, wanda yana faruwa, ka nemi ya bar ka ka zauna a kan teburin karɓar kuɗi wata guda, ko ku yarda ka biya wani kaso yanzu, sauran bayan wata shida idan motocin sun kai adadin da ya faɗa.

Hajiya, ke ce ta ƙarshe, lokaci ya ƙure.

Tambaya: Malam, da sayen tsoho da gina sabo, wanne ya fi?

Hajiya, idan ramin ƙasa lafiyayye ne, izini na nan, haya doguwa ce, tsohon ya fi, domin daga ranar farko kuɗi na shigowa, kuma kin tsallake jiran izini da haƙa da neman masu kawo mota. Idan kuwa sai kin fasa siminti kin sake bututu kin sauya injina, to ki sa magini da makanike su rubuta miki kuɗin aikin, ki haɗa da kwanakin da wurin zai zauna a rufe, ki ɗora a kan farashin da ake nema. Wannan jimillar ce za ki ajiye kusa da kuɗin gina sabo ki kwatanta.

Na gode. Wassalamu alaikum.