Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli, Daga Al'ummar Gaɓar Marma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, Mai girma Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamai, iyayenmu mata da sauran manyan baƙi, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, a madadin masunta, manoma da makiyaya na wannan fadama muna yi maka lale marhabin. Ƙwazonka da tausayinka ga talaka sun riga ka isowa, shi ya sa ba za mu tsaya dogon kirari ba. Bari mu faɗi abin da ya hana mu barci tun yanzu, kada lokaci ya ƙure: ciyawar kachalla ta toshe mana hanyoyin ruwa, muna roƙon a share su kafin damina ta faɗi.

Wannan ƙasa da ka tako ba ƙaramar ƙasa ba ce. A nan kogin Hadeja da na Jama'are suke bajewa kafin su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi. Iyayenmu, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, sun san kalandar ruwan nan kamar tafin hannu. Ruwa ya cika, a shuka shinkafa, a sa mali da koma. Ruwa ya janye, a bi danshi da wake da gero da kuɓewa, shanu su shigo kiwo. Mutum ɗaya sana'a uku a shekara, babu wanda yake zuwa cirani. Tarwaɗa da karfasar da aka banda a nan sun ci kasuwa har kudu, tun zamanin da jirgin ƙasa ke ɗauka daga Nguru. Tsuntsaye ma daga Turai suke tahowa su yi hunturu a wurinmu, har Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989 don ganinsu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, wuri na farko a Nijeriya. Duniya ta san mu, ranka ya daɗe, tun kafin a yi mana kwalta.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ba mu ƙi alherinsu ga mutanen Kano ba, amma ruwan ya bar bin lokacinsa. Da, kogi yakan ƙafe da rani, ciyawa ta mutu. Yanzu ruwa na kwance shekara cur, kachalla ta samu gida, rairayi ya taru a gindinta. Mashigar Burum Gana, reshen kogin Hadeja, ta cushe, mutanen can suna kukan ƙishi, ruwan ya taru a Marma yana cin gonakinmu. Cikin kachallar ne tsuntsun jan-baki ke kwana, da asuba ya sauka kan shinkafa. Yaranmu suna gona da gwangwani suna kora maimakon aji. Sauro da tsargiya kuwa, a tambayi mata. Ambaliyar 2022 har yau akwai gidajen da ba a tayar ba.

Ba zama muka yi ba. Duk shekara muna gayya, matasa cikin ruwa har wuya da lauje da adda, su yanka yau, bayan 'yan makonni ta tofo kamar an yi mata taki. Tawagogi sun zo sun ɗauki hoto, mun yanka musu kaji, mun ji shiru.

Muna da wasu buƙatu. Muna son irin itatuwa don dashe, da murhu mai tsimin itace ga matanmu, domin gorubar da ake saƙa tabarma da kabarta tana ƙarewa a wuta. Muna son rijiyoyin burtsatse. Amma in za a yi ɗaya tak, to a turo injin yanke kachalla da na yashe rairayi, a bar su a nan, kada a zo da su ranar biki a tafi da su washegari. Mu za mu ba da masu gadi da ma'aikata. Sannan a riƙa sanar da mu kafin a saki ruwa daga madatsun.

Ga ɗan bandar kifi da tabarma, tsarabar fadama. Allah ya mai da kai gida lafiya. Amma kafin ka hau mota, ranka ya daɗe, kwalekwale na bakin ruwa, muna so ka ga inda sanda ta daina shiga.

Kwamitin Tarba, a madadin al'umma.