Bargar dawakin 'yan sanda a gefen ginin tarihi: yadda ake ba da izini a Ingila

Malam Sani: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu leƙa Ingila, kan wata magana da kan zo gaban majalisun ƙananan hukumomi jefi-jefi: rundunar 'yan sanda ta nemi izinin kafa wa dawakinta barga ta wucin gadi, filin da ta samu kuma ya kasance yana maƙwabtaka da tsohon gini wanda doka ta ba kariya. Ina tare da Hajiya Binta da Malam Aminu. Hajiya, duk wanda ya taso yana ganin dawaki a ƙofar fadar Kano ko ta Katsina zai yi mamakin jin cewa barga tana iya zama barazana ga ginin tarihi.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ai dokin ba shi da laifi, abin da ake dubawa shi ne duk abin da ke biyo shi: rumfuna, shinge, fitilu, wurin tara kashi, da manyan motocin da ke ɗaukar dawakin. Tun daga dokokin tsara birane na 1944 da 1947, bayan ɓarnar da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka yi, Ingila ta fara rubuta gine-ginenta masu daraja a cikin rajista, kuma yau akwai sama da 370,000 a ciki. An kasa su gida uku. Masu daraja ta ɗaya ba su wuce kashi 2.5 cikin 100 ba, masu daraja ta biyu mai tauraro sun kusa kashi 6, sauran duka, wato sama da kashi 90, suna daraja ta biyu. Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne sashe na 66 na dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, wanda ya wajabta wa mai ba da izini ya ba da kulawa ta musamman ga kiyaye ginin da kuma muhallin da yake zaune a ciki. Saboda haka ko bargar ba ta taɓa bulo ɗaya na ginin ba, muddin za ta canza yadda ake ganinsa ko yadda ake jin wurin, ta shigo cikin hukuncin dokar.

Malam Sani: Malam Aminu, me ke kai 'yan sanda neman wuri na wucin gadi tun farko? Na ɗauka kowace runduna tana da bargarta.

Malam Aminu: Yawancin lokaci tsohon wurin ne ake sayarwa ko ake gyarawa. Misali mai kyau shi ne ofishin 'yan sanda na titin Wood Street a tsakiyar Landan, wanda aka gina tsakanin 1963 da 1966 da barga a cikinsa, domin dawakin 'yan sandan tsohon birnin Landan, waɗanda rundunarsu daban take da ta babban birnin. Ginin kansa ya shiga rajista da daraja ta biyu mai tauraro, daga baya aka sayar da shi domin a mayar da shi otal. To, ofis ana iya kwashe shi a mako guda a kai wani bene, amma doki ba ya hawa bene, kuma ba a ajiye shi a gareji. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar kan kula da dawaki ta ce ɗakin doki ɗaya ya kai mita 3.65 a faɗi da 3.65 a tsawo, na manya kuma tsawon ya kai mita 4.25. A ƙara da ɗakin sirdi da linzami, rumbun ciyawa, wurin wanka, wurin da maƙeri zai tsaya ya sa musu takalmi, da filin motsa jiki. A ƙasar da fili ya yi tsada haka, wuraren da suka rage da sarari irin wannan galibi harabobin tsofaffin gidajen masu mulki ne da manyan lambuna, waɗanda tun asali da dawaki aka zauna a cikinsu, kuma su ne dai wuraren da doka ta fi tsarewa.

Malam Sani: Wani zai ce a wannan zamani na jirage marasa matuƙa da kyamarori, me ya sa ba za a haƙura da dawakin gaba ɗaya ba?

Malam Aminu: Wasu rundunonin sun haƙura. Rundunonin yankunan Essex da Nottinghamshire sun rufe sassansu na dawaki a 2012 saboda tsuke bakin aljihu. Amma waɗanda suka riƙe nasu suna da hujja. Wanda yake bisa doki yana hango abin da ke faruwa a tsakiyar cincirindon 'yan kallon ƙwallo, su ma suna hango shi, kuma taro kan dare wa doki hanya ba tare da an ɗaga kulki ba. Binciken da Jami'ar Oxford da cibiyar RAND ta Turai suka fitar a 2014 ya gano cewa mutane suna kusantar 'yan sandan da ke sintiri bisa doki, su tsaya su yi magana da su, fiye da ninki shida na yadda suke kusantar masu sintiri a ƙasa. Wannan yana da muhimmanci a gaban majalisa, domin manufofin tsara ƙasa na Ingila, tun 2012, sun ce idan lahanin da za a yi wa ginin tarihi bai kai mai tsanani ba, sai a auna shi da amfanin da jama'a za su samu. Tsaron jama'a kuwa amfani ne wanda ba mai musunsa.

Hajiya Binta: Ban musa ba, Malam Aminu, amma ma'aunin nan ba a fara shi da sikeli a daidai, kuma a nan ne majalisu da dama suke yin tuntuɓe. A 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Barnwell Manor, a yankin Northamptonshire. An ba wani kamfani izinin kafa manyan injinan iska guda 4 masu samar da lantarki, fiye da kilomita ɗaya daga Lyveden New Bield, wani gini mai daraja ta ɗaya wanda Sir Thomas Tresham ya fara, ya rasu a 1605 bai ƙarasa shi ba. Jami'in da ya ba da izinin ya ga cewa lahanin bai yi tsanani ba, sai ya auna shi kafaɗa da kafaɗa da amfanin lantarki. Kotu ta ce ya yi kuskure, domin dokar 1990 tana nufin a ba kiyaye muhallin ginin nauyi mai yawa tun kafin a ɗora komai a ɗaya gefen, izinin kuma ya rushe. Idan lantarki mai tsafta bai tsallake wannan sharaɗi ba, kakin ɗan sanda ma ba zai tsallake shi ba.

Malam Sani: To amma ai wannan na ɗan lokaci ne, Hajiya. Katako ne da kwano, gobe a kwance su.

Hajiya Binta: Wannan shi ne wurin da nake so masu sauraro su fi natsuwa. Gaskiya ne doka ta yarda a ba da izini mai wa'adi, kuma gaskiya ne lahanin da za a iya warwarewa ya fi sauƙi a kan wanda ba ya warwaruwa. Sai dai wa'adi alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. Babbar ƙafar lilon nan ta bakin kogin Thames, London Eye, mai tsayin mita 135, izinin shekara 5 aka fara ba ta, a gefen ginin County Hall, tsohuwar hedikwatar majalisar birnin Landan, wanda shi ma yana cikin rajista. An buɗe ta ga jama'a a 2000, kuma ga ta nan tsaye har yau. Mutane sun ƙaunace ta, ban ce an yi laifi ba, amma ta nuna cewa abin da ya riga ya zauna yana da wuyar tayarwa. Idan wa'adin barga ya cika, sabon wurin bai kammala ba, ga dawaki goma a ciki suna cin ciyawa, wane kansila ne zai ɗaga hannu ya ce a fitar da su titi? Ƙa'idojin gwamnati sun faɗi ƙarara cewa da wuya a sami hujjar ba da izinin wucin gadi karo na biyu, amma a ranar da ake buƙatar wannan ƙarfin hali, tausayin dabbobi da kunyar 'yan sanda sukan rinjayi takarda.

Malam Aminu: Idan na fahimce ki, ba cewa kike yi a hana ba.

Hajiya Binta: A'a, ni ina ganin a mafi yawan lokuta bayarwa ce daidai, amma darajar izinin tana cikin sharuɗɗansa. Ina so in ga ranar kwashewa a rubuce da kwanan wata, in ga shaidar cewa an riga an sami wurin dindindin kuma aikinsa ya kankama, in kuma ga tsarin mayar da filin yadda yake, da wanda zai biya kuɗinsa. Bayan haka sai a sauko kan ƙananan abubuwa, waɗanda su ne suke yin ɓarna a ɓoye. Kada a haƙa tushe, a ɗora rumfunan a kan daɓen da za a iya ɗagawa, domin ƙarƙashin irin waɗannan harabobi akwai saiwoyin tsofaffin itatuwa da burbushin gine-ginen da suka gabata. Doki ɗaya yana fitar da kashi wajen kilo 20 a yini, to a lissafa na dawaki goma a mako, a faɗi inda za a tara shi, da yadda ruwansa ba zai gangara rafi ko gindin tsohuwar katanga ba. Rumbun busasshiyar ciyawa ya yi nesa da ginin saboda gobara. Fitilu su kalli ƙasa, domin jemagu da ke kwana a rufin tsofaffin gine-gine su ma doka ta ba su kariya a ƙasar.

Malam Aminu: A kan ranar kwashewa mun haɗu. Abin da zan ƙara shi ne, barga mai rai tana iya yi wa tsohon gida amfani. Wurin da ake kwana da 'yan sanda dare da rana, ɓarayin dalmar rufi ba sa zuwa, kuɗin haya kuma yana taimakon mai gida wajen gyara, wanda nauyi ne babba a kan masu irin waɗannan gidaje.

Malam Sani: Su kuma maƙwabta da masu kishin tarihi, ina ƙofar da za su shiga su yi magana?

Hajiya Binta: Idan buƙatar ta shafi muhallin ginin da ke rajista, dole a tallata ta, a manna sanarwa a wurin, a ba jama'a kwana 21 su rubuto ra'ayinsu. Idan ginin mai daraja ta ɗaya ne ko ta biyu mai tauraro, ana sanar da Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, ta ba da shawara, ko da yake hukuncin na ƙaramar hukuma ne, kuma ƙaramar buƙata irin wannan ana sa ran yanke ta cikin mako 8. Idan kuma za a taɓa jikin ginin, ko tsohuwar katangar harabarsa da ta girmi 1948, to sai an nemi wani izini na daban, yin aikin ba tare da shi ba laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har na shekara 2. Shawarata ga maƙwabci ita ce ya karanta takardar izinin bayan an fitar da ita, ya rubuta ranar kwashewar ya ajiye, domin sashen tilasta bin doka na ƙaramar hukuma galibi ba ya motsawa sai wani ya kai ƙorafi.

Malam Sani: Hajiya Binta, Malam Aminu, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Mu kwana lafiya.