Ciyawar Holan da ƙasar da ke ƙarewa a ƙarƙashinta

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau na fito da ku bayan garin Gouda a ƙasar Holan, garin da ya yi suna a kan cuku. Ga ciyawa kore shar, ga shanu, ga magudanan ruwa sun yayyanka filin. Bari in ɗan yi tsalle, ku lura da yadda ƙasar ke motsi.

Wannan baƙar ƙasa tarin tsirran fadama ce da suka mutu tun shekaru dubbai, ruwa ya rufe su, ya hana su ruɓewa. Muddin tana jiƙe, kabon ɗin da ke cikinta a kulle yake. To amma saniya ba ta kiwo cikin taɓo, tarakta ma ba ta shiga. Shi ya sa tun ɗaruruwan shekaru mutanen nan ke janye ruwan, da magudanai, da injinan da iska ke juyawa, yanzu kuma da famfunan lantarki. Da zarar ruwa ya sauka iska ta shiga, sai ƙasar ta fara ruɓewa, ta zama iskar kabon mai ɗumama duniya. Ba hayaƙi, ba wari. Fili yakan nutse kusan santimita 1 a shekara, sai a ƙara janye ruwa, ya ƙara nutsewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, domin yankin nan da ma yana ƙasa da teku.

Irin waɗannan filayen kiwo suna fitar da tan miliyan 4 ko fiye na iskar kabon duk shekara a Holan, ban da abin da shanun ke fitarwa. A yarjejeniyar yanayi ta 2019, gwamnati ta ɗau alkawarin rage tan miliyan 1 kafin 2030.

Maganin a bakin faɗa ba wuya: a ɗaga ruwa. A ƙauyen Zegveld, nan kusa, akwai gonar gwaji da ake binne bututu a ƙarƙashin ciyawa don ruwan magudana ya riƙa jiƙa ƙasar lokacin zafi. Sai dai in ruwan ya malale saman fili, wata iskar ce ke tashi, metan, wadda ta fi kabon ƙarfi wajen ɗumama duniya.

'Yan Hadeja da Nguru, ku saurara. Kacalla, ciyawar nan da ta toshe muku hanyoyin ruwa, a nan shuka ta ake gwadawa a jiƙaƙƙen fili, a yi allunan rufin gida masu tare sanyi.

Ni dai ban ga laifin makiyayin da ke da filin nan ba. Ya gaji gonar, yana da bashin banki, kuma jiƙaƙƙen fili ba ya ba da ciyawa kamar busasshe. Kasuwar kacalla ba ta kai ta madara ba tukuna. In ana so ya yarda a ɗaga ruwa, sai gwamnati da masu sayen cuku sun biya shi asarar.