Amsoshin Tambayoyinku: Zuwa sujada da ƙananan yara

Jama'a barkanmu da warhaka, salamar Ubangiji ta kasance da ku. Wasiƙun wannan satin kusan duk kan magana ɗaya suke, wato wahalar zuwa majami'a da yara ƙanana.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce a Narayi cikin Kaduna. Tace ɗanta shekara biyu, da fasto ya fara wa'azi shi kuma sai ya fara kuka, mutane su dinga juyowa suna kallonta, har wata mama ta taɓa ce mata ta fita da shi. Yanzu ta kwana biyu bata je ba, tana tambaya ko ta bari sai ya yi wayo.

'Yar'uwa dan Allah kar ki bari. Ki koma ranar Lahadin nan. Yaro ɗan shekara biyu ba zai iya zama shiru awa biyu ko uku ba, kuma kin san sujadarmu, ga waƙar kwaya (mawaƙan majami'a) ga ta zumuntar mata ga sanarwa ga baiko (kuɗin da ake bayarwa a sujada), in ranar godiya ce ma sai rana ta take, balle a watan Maris da Afrilu da rufin kwano ke zafi, babba ma daurewa yake. Ba rashin tarbiyya bane, yarinta ce. Ki buɗe Markus 10 daga aya 13, almajirai ne da kansu suka tsawata wa masu kawo yara, Markus yace Yesu ya ji haushi, ya ce a bar su su zo wurinsa, ya rungume su ya sa musu albarka. Toh wa ya isa ya kore ki?

Abinda zai rage miki wahala, ki ba shi abinci ya ƙoshi kafin ku fito, ki riƙe ruwa da ɗan biskit da famfas na canji. Jakar ta zama ƙarama saboda binciken da ake yi a ƙofar majami'u da yawa. Ki zauna bakin layi kusa da ƙofa, in ya fara ki goya shi ki fita ki zaga, ya yi shiru ki dawo, ko sau nawa ne ba kunya.

Amma fa akwai abinda ban gani ba a wasiƙarki, ina baban yaron? Iyaye maza da ku nake. Sai ka ga namiji ya zauna can gaba da Littafi Mai Tsarki a hannu hankali kwance, matarsa na baya da goyo da wani a cinya wani na jan zaninta, a tashi bata ji ko aya ɗaya ba, wannan ba daidai bane. Ka karɓi yaro ka fita da shi wannan satin, sati mai zuwa ita ta fita. Ku kuma iyayenmu mata, maimakon harara ku miƙa hannu ku karɓi jariri, ai ku ma kun yi goyo.

Wani ɗan'uwa daga Sabon Tasha yana tambaya, wai yara su tafi Sande skul, wato ajin yara na ranar Lahadi, ko su zauna da manya? Yace shi da madam sun kasa daidaitawa.

Ɗan'uwa duka biyun ana bukata. Sande skul tana koya musu a matakinsu, labari da waƙa da haddar aya. Sai dai in yaro bai taɓa shiga babbar sujada ba har ya kai shekara 12 ko 13, ranar da ya shiga baƙo ne, bai san waƙoƙin ba, bai taɓa ganin babansa yana addu'a cikin jama'a ba. Joshuwa 8:35 ta nuna da aka karanta wa taron Isra'ila shari'a, har da mata da ƙananan yara a wurin. Shawarata su zauna da ku lokacin yabo da baiko, ku sa musu kuɗin a hannu su jefa da kansu, in za a fara wa'azi su wuce ajinsu. Kuma ku leƙa ajin nan ku gani, wani wurin malama ɗaya ce da yara cike da ɗaki ba fanka, in haka ne ku kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, ku ma ku ba da kanku.

Ta ƙarshe daga Kakuri, wata uwa tace tana ba 'yarta waya ta kalli katun don ta yi shiru, laifi ne? Mama na fahimci gajiyarki, amma ban goyi baya ba. Za ta saba cewa majami'a wurin kallo ne, kuma yaran da ke kusa duk za su taru a kanta. Ki gwada takarda da fensir mai kala, ko littafin labaran Littafi Mai Tsarki mai hotuna, ki dinga raɗa mata abinda ake yi a gaba.

Lokaci ya kama mu, wasiƙar da ta zo daga Gonin Gora kan yara masu larura ta musamman da ita za mu fara sati mai zuwa in Allah ya kai mu.