Shafin intanet na kasuwancinka: makullin yana hannun wa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau da 'yan kasuwarmu na Legas nake magana: mai shadda da yadi a Agege, dillalin albasa da tattasai a Mile 12, mai gyaran waya a Computer Village, da Hajiyar da ke haɗa humra da turaren wuta a Idi-Araba tana aikawa har Lekki. Wasunku an riga an buɗe musu shafin intanet, wasu kuma yanzu ake ciniki da yaron da zai buɗe. Kafin a kai ga maganar launi da kyan shafi, ga tambayata: da sunan wa aka yi masa rajista?

In amsarka ita ce "ai yaron ne ya san wannan", to Alhaji gyara zama.

Kowane shafi a kan abu uku yake tsaye. Akwai sunansa, wanda ake bugawa a saman burauza, shi ne domen. Akwai masaukinsa, wato kwamfutar wani kamfani da ba a kashe ta dare da rana, kana biya ana ajiye maka shafin a cikinta, shi ne hostin. Sai kayan ciki: rubutu, hotuna, farashi, lambobin kwastomomi. Wanda ya taɓa kama shago ya san tsarin. Lambar shago daban, kuɗin haya daban, haja daban, kuma hukumar kasuwa ba ruwanta da wanda ke zaune a ciki, wanda sunansa ke kan takarda ta sani.

Domen ba a sayensa a mallake shi har abada. Shekara-shekara ake sabunta shi, kodayake na .com ana iya biyan shekara goma gaba ɗaya. Na ƙasarmu kuwa, wato .ng da .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da su. An kafa ta a 2005, ofishinta yana nan Legas, kuma ta hannun kamfanonin da ta amince da su ake yin rajista. Ni dai mai sayarwa a cikin Najeriya .com.ng nake ba shi shawara, don da naira ake biya. Ku tuna a tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ba a cinye watannin farko na 2024 ba ta haura 1,500. Duk wanda ke biyan domen da hostin da dala ya ji a jikinsa, ga bankuna da dama a lokacin sun hana katin naira aiki a waje.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan wa'adin domen ya kusa cika, kamfanin rajista yana aika saƙon tuni, amma zuwa imel ɗin da aka yi rajista da shi. In na yaron ne, kuma ya tafi bautar ƙasa, ko ya koma gida Arewa, ko kun saɓa a kan cikon kuɗi, saƙon can zai mutu. Sai dai wata safiya kwastoma ya kira ka ya ce shafinka ba ya buɗewa. Na .com yana da 'yan makonni na alfarma, sannan kwana 30 da za ka iya fanso shi da tara mai tsada, daga nan a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauka. Kuma akwai masu jiran irin wannan, manhajojinsu na gadi dare da rana. Sunan da ka buga a jikin buhu da leda da ƙofar mota, sai a buɗe a tarar da tallar caca.

Maganinsa bai kai awa ɗaya ba. Ka kira mai gina shafin ku zauna, ka buɗe asusu a kamfanin rajista da imel ɗinka da lambar wayarka, ya mayar da domen ɗin ciki a gabanka. In zuwa wani kamfani za a mayar, akwai lambar sirri ta canjin hannu da zai karɓo, kuma sabon .com sai ya kwana 60 kafin a yarda ya tashi. Wannan ba rashin yarda ba ne, kuma ƙwararren mai gina shafi shi ma ya fi son haka, don ba ya son a tashe shi tsakar dare a kan kuɗin da ba nasa ba.

Na san wani zai ce, to me ya kai ni duk wannan wahalar, ga WhatsApp, ga Instagram, kuma ciniki na tafiya? Ka ci gaba da su, nan kwastoma yake. Amma ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya kusan awa shida. A shekarar dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter tun daga Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ban da rufe asusun mutum da ake yi ba tare da ya san wa zai kai wa kuka ba. A can dokar wani kake bi. Shafinka kuwa, muddin suna da kwafin kayan suna hannunka, ko masauki ya kore ka, ka koma wani kafin magariba.

Maganar masauki ba sai mun daɗe ba. Ƙaramin shafi, hostin na haɗaka mai araha ya ishe shi. Abin dubawa shi ne: suna amsa waya, ana biya da naira, kuma ina kwamfutocinsu suke. Na ƙarshen nan ya nuna kansa ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, har da MainOne da WACS, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Kun tuna yadda manhajojin banki suka riƙa sandarewa. Akwai cibiyoyin ajiyar bayanai a nan Legas, irin su Rack Centre a Ikeja, akwai kuma IXPN, mahaɗar da ke sa saƙo tsakanin kamfanonin cikin gida ya wuce ba sai ya zaga Turai ba. In masaukinka yana waje, kamfanin Cloudflare na da tsarin kyauta da ke ajiye kwafin hotuna da shafukanka kusa da mai buɗewa.

To da me ake ginawa? In shafin fuska huɗu ne ko biyar, su wane ne mu, me muke sayarwa, ina muke, ga lambarmu, zallan HTML da CSS, wato ainihin harsunan da ake rubuta shafi da su, sun wadatar. Ba rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da shafi ke tara bayanai a ciki, ba ƙofar shiga, ɓarawo bai da abin ɓallewa. In kuwa kullum farashi na canzawa, kamar na kwandon tumatir, kana buƙatar abin da kai da yaronka na shago za ku iya gyarawa daga waya. Nan ne manhajar gina shafi ta WordPress ke shigowa. Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a 2003, kyauta ne, kuma yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Ana ɗora masa WooCommerce ya zama kantin sayar da kaya.

Farin jinin nan nasa shi ke jawo masa 'yan kutse. Kada ka ce wa ya san ni, ni da nake sayar da kilishi. Ba mutum ne ke zaune yana nemanka ba, manhaja ce ke bin shafuka dubu-dubu tana taɓa ƙofa, wadda ta samu a sake ta shige. Kuma yawancin ɓarakar ba daga WordPress kansa take ba, daga ƙananan manhajojin da ake jona masa ne, wato fulogin. Idan aka gano rami a wani fulogin, masu shi suna fitar da gyara, labarin ramin kuma ya bazu. Wanda bai sabunta ba, an riga an sanar da duniya inda katangarsa ta faɗi. Don haka a leƙa duk mako a sabunta, wanda ba a amfani da shi a goge shi ɗungurungum, kashewa kawai ba ta isa.

Wani abu da ke ba ni takaici: fulogin ko rigar shafi, wato zanen da ke ba shi kamanni, ta kuɗi da aka sato ake rabawa kyauta a Telegram. Wanda ya sato ya raba ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa ya dasa ƙofar baya a ciki, kuma irin wannan ba ya samun sabuntawa. In mai gina maka shafi ya ce ya samo maka na dala sittin a kyauta, ka tambaye shi lasisi. Kalmar sirri kuma kada ta zama sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa. Kowa ya shiga da asusunsa, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da lambar da ke fitowa a waya, ranar da yaro ya bar aiki a rufe nasa.

Sai kwafin ajiya, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku. A Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga manyan masu hostin na Turai. Miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu sun dawo cikin kwanaki, wasu kuma bayanansu sun tafi ke nan, saboda kwafinsu yana wuri ɗaya da asalin, wuta ta haɗa ta cinye. Masu harkar suna da ƙa'ida: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 a wani wuri can daban. A aikace, hostin ya riƙa ɗaukar nasa kullum, wani ya riƙa tafiya Google Drive ɗinka, wani ka sauke a filas duk wata ka ajiye a gida. A tabbatar an haɗa fayiloli da rumbun bayanai, domin odar kwastomomi da rubutun shafin duk a rumbun suke. Sannan lokaci-lokaci a gwada mayar da kwafin a wani wurin gwaji. Akwai wanda sai ranar da shafi ya rushe yake gano fayil ɗin da ya shekara yana ajiyewa fanko ne.

Shaidar tsaro ta HTTPS kuwa, wadda ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin shafi da mai buɗe shi, tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da bai da ita tambarin rashin aminci. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, tana sabunta kanta da kanta. In an saka maka ita a lissafi da kuɗi mai yawa, ka nemi bayani.

Yanzu ɗauki wayarka. Kwastomanka ba a ofis yake da babbar kwamfuta ba, yana cikin danfo ne a gosulon Oshodi, da Tecno ko Itel, datarsa saura kaɗan. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait huɗu ko biyar. Ka jera ashirin a fuskar farko, ya gudu kafin ya ga shaddar. A rage girmansu, a mayar da su WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, kowanne ya dawo ƙasa da kilobait 200, ido ba zai ga bambanci ba. PageSpeed Insights na Google zai nuna maka abin da ke jan ƙafa, UptimeRobot kuma ya aiko maka saƙo in shafin ya faɗi, kafin kwastoma ya riga ka sani.

In za a yi rubutu da Hausa, a gwada ƙ da ɗ da ɓ tun farko. Wasu salon haruffan ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya fita daban da 'yan uwansa. A sa shafin a kan tsarin haruffa na UTF-8, a zaɓi salon haruffa irin Noto, wanda zai ɗauki har ɗigon ƙasa na Yarabanci, tunda a garin nan kwastoma kowane yare yake ji. A sunan domen dai a bar k da d da b na kullum, don kowa ya iya bugawa.

Karɓar kuɗi kuma, kada shafinka ya taɓa ajiye lambar katin kowa. Ka jona kamfanin karɓar kuɗi na Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020, ko Flutterwave, su ɗauki wannan nauyin. Kafin ka saki kaya ka duba kuɗin a asusunka da idonka, hoton alat ba shaida ba ne. Sunaye da lambobi da adireshin da kake tarawa kuma, tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a kansu, don haka abin da ba ka buƙata kada ka tambaya.

A bidiyo na gaba zan buɗe asusun rajista a kan allo, mu mayar da domen daga hannu zuwa hannu mataki-mataki. Kafin nan kowa ya nemo imel ɗin da aka yi wa shafinsa rajista da ranar da wa'adinsa zai cika. Sai mun haɗu.