Fabo: Cutar da Ke Kashe 'Yan Kwikwiyo Ta Fara Samun Magani

Kwikwiyo ya ƙi cin abinci, ya kwanta lamo, sai amai, sai gudawa mai jini da wari. Likitan dabbobi na jin haka, abin da zai fara zargi shi ne fabo, wato parvovirus.

A 1978 aka fara gane cutar a jikin karnuka, kuma cikin shekara biyu ta karaɗe duniya. Ƙwayar cutar tana neman wuraren da ƙwayoyin jiki ke saurin hayayyafa, shi ya sa take far wa bangon hanji da ɓargo. Hanji ya sale, ruwan jiki ya tsiyaye, ɓargon da ke samar da sojojin jiki shi ma ya raunana. Idan ba a kula da su ba, kusan tara cikin goma na iya mutuwa.

Shekara arba'in da wani abu, galibi likita ba shi da abin da zai taɓa ƙwayar kanta. Sai ƙarin ruwa, da maganin tsayar da amai, da na kashe bakteriya, a tallafi kwikwiyon har jikinsa ya yi galaba da kansa, in da sauran kwana.

A 2023 ma'aikatar noma ta Amurka ta ba kamfanin Elanco izinin wucin gadi na sayar da wata sabuwar allura. Sojojin jiki ne da aka haɗa a ɗakin bincike, duk iri ɗaya, an ƙera su don fabo kaɗai. Sau ɗaya ake yin ta, ta jijiya. Suna manne wa ƙwayar su hana ta shiga ƙwayoyin hanji. A gwajin kamfanin, ko ɗaya bai mutu ba cikin waɗanda aka yi wa, alhali fiye da rabin waɗanda ba a yi wa ba sun mutu. Gwajin dai ƙarami ne, kuma na mai kayan ne, a riƙe wannan a rai.

Allurar tana da tsada, kuma a daskare ake ajiye ta, abin da ba sauƙi ba ne inda wuta ba ta tsayawa. Don haka mafarauci ko mai karen gadi a nan, rigakafi ne ke hannunsa: a fara daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a riƙa maimaitawa har mako 16. Inda kwikwiyo ya yi gudawar kuma a wanke da bilic, domin ƙwayar tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba.