Sharhi: Wa Ya Yanka Fuloti a Bakin Kwari?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan kwarurrukan garin Gombe ne, da gidajen da ake ci gaba da dasawa a bakinsu.

Duk damina labarin ɗaya ne. A kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye a ji katanga ta faɗi, ɗaki ya rufta cikin kwari. Manya su zo jaje, a raba shinkafa da tabarmi da kwanon rufi, a ɗauki hoto, a watse. Tambayar da ba a taɓa yi ita ce: wa ya yanka fuloti a wurin nan, wa kuma ya sa hannu?

Kowa ya san yadda garin nan yake zaune. A gangare yake, tudun Akko na yamma, ruwa na saukowa ya ratsa unguwanni ya nufi gabas, ƙasar kuma mai rairayi ce, ba ta da riƙo. Tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, jama'a ke kwararowa, rikicin Borno da Yobe ya ƙaro wasu. Gonakin da suke shanye ruwa suka koma rufin kwano da daɓen siminti. Ruwan da ƙasa ba ta sha ba dole ya nemi hanya, kuma mun ga yadda ya neme ta a ambaliyar watan Agustan 2004, wadda ta ci rayuka a cikin garin nan. Darasin da ya kamata mu haddace tun lokacin ke nan.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. An gyara kwarin Jami'ar Jihar Gombe a ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa, an taɓa na Kwalejin Ilimi ta Tarayya a ƙarƙashin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya kuma ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019. Madalla. Amma a tuna, dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince wa ACReSAL a 2021, don jihohin Arewa 19 da Abuja, rance ne. Wato muna cin bashi muna zuba siminti a ƙasan kwari, a can sama kuma ana ci gaba da haƙa wa jikokinmu sabon kwari. Wane irin lissafi ne wannan?

Ku je bayan gari ku ga yadda ake awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka fulotai a matse, babu wurin magudanar ruwa, titin ma da ƙyar mota ɗaya ta wuce. Fulotin ƙarshe, wanda yake leƙen kwari, shi ne mai araha, shi talaka ke saya. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Bayan damina biyu sai ka tarar mai gida ya jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi a gindin katanga, yana kwana da ido ɗaya duk ranar da hadari ya haɗu. A ƙasansa kuma masu tifa na kwasar yashin da yake riƙe da gaɓar. Wata rana jami'i ya zo ya shafa jan fenti a bango, aka yi magana a gefe, gini ya ci gaba. Wa ya sa hannu?

Kada wani ya ce mana babu doka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Akwai dokar tsara birane ta 1992. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin magudanan ruwa da kwashe shara. Jihar nan tana da GOSUPDA mai kula da tsarin gine-gine, tana da GOGIS mai rajistar filaye, tana da GOSEPA mai kula da muhalli. Hukumomi kam ba mu rasa ba. Abin da muka rasa shi ne wanda zai tsaya a bakin kwari ranar da ake haƙa harsashi ya ce a'a.

Wasu za su ce sauyin yanayi ne. To, mun ji, ruwa ya ƙara zuwa da ƙarfi, amma sauyin yanayi bai taɓa jan igiya ya yanka fili ba. Wasu su ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, haka kuma addinin ya hore mu da riƙon amana. Masu cewa talaka ba shi da zaɓi sun fi kusa da gaskiya, sai dai hujjarsu a kan hukuma take komawa: me ya hana a fitar da sababbin unguwanni masu tsari, a farashin da ma'aikaci da ɗan kasuwa za su iya?

Rusau kuwa, a nan muna da shakka. Wanda ya sayi fili da guminsa, da takarda a hannu, ba a kai masa katafila a bar wanda ya sayar masa yana yawo. A biya shi diyya, a ba shi wani wuri, sannan a bi sawun takardar har teburin da ta fito. Haba jama'a, har yaushe mai saye kaɗai zai riƙa ɗaukar hukunci?

Mu ba mu da teku, gaɓarmu ita ce bakin kwari da bakin kogin Gongola. Ƙasar da ruwa ke kwashewa a tudu ƙarshenta cikin koguna ne da madatsai, madatsar Dadin Kowa kuma ita ke shayar da garin nan, ita ke ɗauke da injinan lantarki masu megawat 40. Wanda ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024 ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan sakaci da ruwa.

Ruwa bai san iyakar Akko da Gombe ba, bai san ta Kwami da Yamaltu-Deba ba. Don haka shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi, da kansiloli da hakimai da hukumomin jiha, su zauna a kan taswira guda. A fitar da kowane kwari da sunansa, a faɗi tazarar da aka hana gini, a kafa turakun siminti kowa ya gani, a karanta a rediyo da masallatai da majami'u. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, kowane shugaba ya fito ya nuna mana nawa ya ware wa magudanan ruwa a kasafinsa na bana.